Famfo Huɗu a Buɗe

Tunda ka ce kai ma haya za ka bayar, gyara zama ka ji misalin wani direban tanka. Shekara ashirin yana fama da titi kafin ya mallaki sashe ɗaya a saman wani bene a Kaduna. Murna kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha! Ya yi fenti, ya sa tayil, duk wanda ya kuskura ya gaishe shi sai ya ja hannunsa ya je ya ga gida. Da ya je ofishin inshora, ma'aikaciyar ta ajiye masa tsari biyu: ɗaya gidansa kaɗai zai gyara in gobara ta ci, ɗayan kuma har da ɓarnar da gidan ya jawo wa wasu. Gogan ya kwashe da dariya, ya ce gida ai ba mota ba ne da zai kaɗe mutum. Ita ba ta yi musu ba, sai ta tambaye shi wa ke zaune a ƙarƙashinsa. Ya ce wata tela ce, ɗakinta cike da kayan mutane. Nan take ya gane, don direban mai ya san abin da ka ɗauko yana iya malalewa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ya sa hannu a na biyu.

Ranar da ya zagaya da ango da amaryar da za su kama gidan, baki har kunne, sai da ya murɗa kowane famfo don su ga sabo ne fil. Ruwa bai zo ba, kamar kullum. Ya kulle ƙofa ya yi gaba, famfo huɗu a buɗe! Saura mako guda sallah, tun amarya ba ta tare ba, aka kawo ruwa da hantsi, da ƙarfinsa kuwa. Kafin a nemo mai gida, silin telar ya rufto kan shadda da leshin jama'a. Ya iske ta tsaye tana salati, hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in da aljihunsa za a dogara, sai an sa gidan nan a kasuwa. Amma ya lalubo takardarsa, kamfani ya zo ya duba ya biya. Masu ɗinki suka sami sabon yadi, telar ta fita kunyarsu, shi kuma gidansa na nan a hannunsa, har ita ce ta ɗinka wa amarya labule. To, kai ma je ka shirya tun yau, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.