Katakon Gada

Tun ranar da Malamar asibiti ta sauka a ƙauyen, direban da ya kawo ta ya tsegunta mata: "Gadar nan da kike son yi, abincin mai kwale-kwale za ki taɓa. Ki yi hattara."

Ita kuwa ba a yi mata barazana. Aikin sa-kai ta zo yi, kuma ta ji labarin matan da naƙuda ke kamawa da damina, kogi ya cika, asibiti yana tsallake. Ta ci alwashin sai gada ta tsaya kafin ruwan farko. Da yake rani ne, kogin duk yashi, ba ta taɓa sa mai kwale-kwalen a ido ba. Amma ta tsane shi tsana mai kyau.

Aka shiga gayya. Mata na jido ruwa, maza na fasa dutse. Wani dattijo da kowa ke ce wa Baba shi ne kullum farkon zuwa. Tafin hannunsa duk kanta, kafaɗunsa sun fi na samari. Shi take zazzage wa cikinta.

"Baba, ka gaya wa mutumin nan ko zai mutu sai mun gama!"

"Zai ji, 'yata," in ji shi. Matan su ƙunshe dariya cikin mayafi, ita ta ɗauka ƙarfin halinta ne ke burge su.

Ginshiƙai suka tsaya, sai katako ya yanke. Katakon da aka yi alkawari daga birni ya ƙi zuwa. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, ga ƙanwar mai shayin ƙauyen cikinta ya tsufa. Malama ta cika ta yi fam. Ta rantse cewa da hannun mai kwale-kwale a ciki, ta ce ko ƙyauren ɗakinta ne za ta ɓalle ta shimfiɗa.

Washegari ta tarar da katakai jibge a bakin gada. Baƙaƙe ne, masu ɗan lanƙwasa, suna warin kwalta da tsohon ruwa. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ce a buga. Baba ne ya riƙa jera su, yana shafa kowanne kafin ya sa ƙusa.

Yayyafi na farawa aka buga ta ƙarshe. Malama ta hau tsakiyar gada, ta riƙe ƙugu, ta buga ƙafa.

"To, ina mai kwale-kwalen? A kira min shi ya zo ya gani da idonsa!"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Baba ya ajiye guduma, ya goge fuska da hularsa.

"Ga ni, 'yata. Ɗan matsa kaɗan, kin taka inda nake zama in yi tuƙi."