Gemun Manniru

Rekiya ta tuɓe safar hannu, ta juya kujerar zuwa ga madubi, Manniru ya ga wani mutum daban yana kallonsa.

Shagonta na gyaran gashi yana bayan kasuwar Gudu, kuma mata ne ke shigarsa. Shi ya sa abokinsa Lukmanu ya kawo shi da sassafe, kafin kowa ya fito.

"Oga, ka ji ni da kyau," in ji Rekiya. "Wannan rini ba ya son ruwan zafi, ba ya son sabulu, ba ya son rana. Gumi ma abokin gabarsa ne. In ka kiyaye, zai kai sati."

Sati ɗaya ya ishe su. Ranar Asabar za a je Lugbe neman auren Bilqis, 'yar Alhaji Badaruddeen, wani tsohon darakta da ya rantse ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ƙare wa mutum kallo. Babu wani babba nasu a Abuja da zai shige gaba, na gida kuwa sun ce hanya ba ta biyuwa. Dole Manniru ya je da ƙafarsa, kuma dole kada kai da gemu su tona shekarunsa.

Ranar Juma'a aka aiko cewa Alhaji ya tafi gaisuwar rasuwa Kaduna. An ɗaga da sati guda.

Nan wahala ta fara. Manniru mai gyaran waya ne a bakin titi, inda rana ke duka tun hantsi. Sai ya sayi takunkumi da malfa da laima, ya ce wa maƙwabtan rumfarsa mura yake yi. Ana zafin da kwalta ke narkewa, shi yana naɗe kamar mai jego. Ya daina cin yaji don kada ya yi gumi. Ya daina shan shayi don tururi. Ruwan alwalarsa ma sai ya saka ƙanƙara, ya taɓa gemun a hankali kamar ƙwai.

Lukmanu ya fi shi tashin hankali. Kullum da yamma sai ya zo ya haska gemun da fitilar waya, ya duba gashi ɗaya bayan ɗaya. Ya sa shi maimaita shekarar haihuwar da suka shirya har ya haddace. Ya koya masa tafiyar da ta dace da sabuwar fuskarsa, suna kai da kawowa a tsakar gida, matan gidan haya na leƙe.

Aka sake ɗagawa, wai Alhaji na ganin likitan haƙori.

A sati na uku launin gaskiya ya fara leƙowa ta gefen kunne. Suka koma wurin Rekiya, suka tarar da shago a kulle, ta tafi Okene biki. Wata maƙwabciyarta ta ce a shafa man kaɗanya. Wani direba ya ce ruwan shinkafa. Manniru ya haɗa duka biyun, kwana biyu ƙudaje na rakiyarsa har masallaci.

"Ni fa na gaji," ya ce wa Lukmanu. "A aske kowa ya huta."

Lukmanu ya durƙusa a gabansa, idanu sun kawo ruwa. "Don girman Allah ka daure. In aka gane, auren nan ya mutu."

Ranar da ta tabbata, suka ɗauki tasi mai sanyi har ƙofar gida. Alhaji Badaruddeen ya karɓe su a falo, dogo ne, gemunsa baƙi wuluk duk da ya haura saba'in. Ba a gama gaisawa ba aka ɗauke wuta. Janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Aka shigo da farfesun kayan ciki yana tururi, Alhaji ya tura wa Manniru kwanon da hannunsa. Ƙin ci rashin kunya ne. Ya ci.

Gumi ya keto daga ƙarƙashin hula. Ya goge da hankici, ya dubi hankicin, ya yi maza ya cusa shi a aljihu. Duk da haka ya faɗi abin da ya kawo shi, ya amsa tambayoyi, bai yi tuntuɓe a shekarar haihuwa ba.

Aka kira la'asar. Aka miƙo masa buta, ruwan tanki ne da ya wuni a rana, zafi ƙau. Alhaji na tsaye a kansa, babu halin taɓa gemu a hankali. Manniru ya rufe ido ya tsefe shi da ruwan kamar yadda kowa ke yi.

Bayan sallama Alhaji bai tashi ba. Ya zuba wa gemun ido, ya matso, ya ƙara matsowa. Lukmanu ya fara laluben takalmansa. Sai Alhaji ya kama hannun Manniru ya ja shi bayan motarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Na ba ɗanka Lukmanu 'yata, wannan an gama. Amma Baba, ka taimake ni. Shekara goma ina shafa baƙin rini yana koɗewa. Kai kuwa ɗazu ka shigo da furfura fal, ga gemunka yana komawa baƙi da kansa a gaban idona. Mene ne sirrin?"

Manniru, wanda zai cika shekara ashirin da shida ranar Talata, ya dafa ƙugu, ya yi tari irin na tsofaffi, ya ce abin na gado ne.