Sifikar Ƙarƙashin Gado

"Haba Inna, ƙanana kuma? Dogayen nan fa su ake yayi!"

Ɗana Sabiru ke ta mita a shagon Dabo mai kayan sauti, cikin kasuwar Daura. Ni na yi masa alkawarin sifika in ya gama makaranta, ga shi ya gama.

Dogayen sun kawo min ƙirji. Dabo ya kunna su, sauti tas. Na ce a kunna ƙananan, masu zuwa da akwatin nan da suke ce wa wufa. Na ɗora hannu a kan akwatin. Wallahi har haƙorana sai da suka motsa.

"Wannan zai shiga ƙarƙashin gado?"

"Zai shiga, Hajiya."

Sabiru ya washe baki. "Ashe Inna kin san harka! A nan ma ya fi girgiza mutum. Na yarda, a ba mu shi."

"Madalla. Dama na gaji da bugun ƙofarka kullum asuba." Na miƙa wa Dabo wayata mai kiran salla. "Haɗa min shi da wannan, ɗan nan. Kuma nuna min inda ake ƙure ƙarar."