Anti Nas a Ɗakin Waya

Tun da hantsi Dogo ya tura ƙofar ya murza makulli. Ya karɓe wayar Anti Nas ya jefa aljihu, ya miƙa mata tasa wayar. Ɗakin ba taga, sai fanka mai kuka, da kujera biyu, da robar ruwa da ta riga ta yi ɗumi. Anti Nas ta zauna ta zare takalmi, don ƙafafun nan sun kumbura tun jiya.

"Su Oga sun ce la'asar," in ji Dogo. "In kuɗin nan bai cika ba, ni dai na fita. Kin san ba sa maimaita magana."

Ta sani mana. Ta ga yadda aka yi da wasu kafin ita. Rana ɗaya aka daina jin sunansu.

Shi ke danna lamba, ita ke magana. Ya riga ya koya mata yadda ake yi: ki gaisa a gajarce, ki tambayi iyali, ki faɗi adadi, sai ki ja bakinki ki yi shiru. Ban da kuka, ban da cewa "ko nawa ne ya samu". Duk wanda ya fara magana bayan shirun nan, shi aka ci.

Kawunta aka fara kira. Tsohon ya saurare ta har ta gama, sannan ya ja dogon tsaki.

"Ke 'yar nan, wancan karon gonata na sayar saboda ke. Yanzu me ya rage mini, haƙora? Su ma sun kusa ƙarewa. Ni na aike ki hannun mutanen nan?"

Duk da haka ya ce zai sa a kai maraƙinsa kasuwa.

Haka aka yi ta yi. Yayanta ya ce a ba shi zuwa gobe, alhali ya san babu goben. Ƙawarta ta asibiti ta yi ta cewa ba ta ji, ba ta ji, har layi ya katse. Wasu sun riga sun gane lambar, ba sa ma ɗauka. Wani mai shagon taya, wanda ita ta karɓi haihuwar matarsa a shekarun baya, shi ko bai bari ta ƙarasa ba ya turo abin da yake da shi. Nasa ya fi na kowa yi mata ciwo.

Da azahar Dogo ya matsar da kujera ta yi salla a lungu. Ya sa aka miƙo abinci ta bakin ƙofa, ta kasa kai loma. Ta roƙe shi ta ji muryar autarta ko minti ɗaya ne.

"In an cika, Anti."

Ba a cika ba. Ko rabi ba a kai ba. Sai Dogo ya juyo mata fuskar wayar ta ga sunan da ya rage: Mai Masana'anta.

Mutumin nan masana'antarsa ce ke zubar da ruwan rini a rafin bayan unguwarsu. Shekara da shekaru Anti Nas tana shafa wa yara magani a ƙafafun da suka saɓule, tana kallon uwayensu na share hawaye da bakin zane. A gaban matan nan ta rantse ba za ta yi shiru ba sai an toshe bututun. Ya sha aiko mata mutane da fara'a da jaka, tana mayar da su tun daga bakin ƙofa.

"Ban da shi," ta ce a hankali.

"Anti, dubi agogo. Gidan da yaranki ke kwana ciki a jingine yake. In babu ke, wa zai fanso shi? Kawu da maraƙinsa?"

Dogo ya danna lambar. Ƙara ɗaya aka ɗauka, kamar dama wayar na hannunsa yana jira.

"A'a, Anti Nas da kanta! Yau wace rana?"

Ta gaisa, ta tambayi iyali, ta faɗi adadi, ta yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Fanka na ta kuka. Gumi na bin bayanta. Ashe shi ma ya iya, ya ma fi ta iyawa.

Ita ta fara magana. "Me kake so?"

"Ni? Ba komai, wallahi. Maganar ruwan nan ce dai, ki ɗan huta da ita. Maƙogwaronki ma ai ya gaji."

Ta dubi ƙofar. Ta dubi Dogo, shi kuma ya dubi ƙasa.

"To," ta ce. Ita kanta da ƙyar ta ji muryarta.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Dogo ya duba, ya yi murmushin farko tun safe, ya kira su Oga ya ce musu ya cika. Ya buɗe ƙofa, ya mayar mata da wayarta da hannu biyu, ya durƙusa ya jawo mata takalmi, ya ɗauki jakarta.

"Kuɗin kamfen ya samu, jam'iyya ta bar miki takararki," in ji shi. "Mu hanzarta, Honorabul, majalisa ta zauna, kuma ƙudirinki na ruwa za a fara kira."