Ruwan Indararo

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mushe Tahiru yana auna ruwan sama a gidansa da ke Gure. Tun da ya aje alli ya bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, ya kafa sandar ƙarfe a tsakar gida, ya ɗora mata mazurari da kwalba mai zanen lambobi, gefe guda kuma ga ma'aunin zafi. Ba wanda ya sa shi, sha'awa ce kawai. Da an ɗauke ruwa, masu gonaki a kewayen gari sai su yi ta kiransa a salula: "Mushe, nawa aka samu?" Dokarsa ɗaya ce, kada kowa ya taɓa shuka sai ruwa ya kai milimetir ashirin. Masu tona ƙasa da hannu su ga zurfin danshi kuwa, dariya yake musu, wai yatsa ba shi da lamba.

Lokacin da ya kafa sandar, gidansa ne na ƙarshe a unguwar, bayansa sai rairayi da awaki. To amma gari ba ya tsayawa jiran kowa. Gidaje suka zagaye shi, har wani ɗan kasuwa ya tayar da bene jingine da katangarsa ta gabas, indararon benen na leƙen tsakar gidan.

Matarsa Balkisa ce ta fara lura, a ƙarshen daminar bara. "Malam, in iska ta taso, ruwan indararon nan cikin mazurarinka yake fantsama. Da ka matsar da shi."

"Ke dai ji da tukunyarki," in ji shi.

Gaskiya ta faɗa, shi ma kuma ya sani, don ya gani da idonsa. Sai dai matsar da sandar na nufin ya gaya wa mutane cewa lambobinsa na baya suna da gyara, shi kuwa Mushe Tahiru bai saba cewa ya yi kuskure ba. Ya ce sai rani. Rani ya zo ya wuce, sanda na nan inda take.

Ruwan farko na bana ya sauko bayan la'asar, da iska mai ƙarfi daga gabas. Da aka ɗauke, ya duba kwalba: talatin da biyu. Ya yi shakkar lambar, domin ko ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gida bai gama jiƙewa ba. Yana nan tsaye sai ga kiran Aisami, amininsa tun suna samari.

Aisami manomi ne, kuma abin da ya rage masa a duniya tiya shida ce ta irin gero, irin da ya gada daga mahaifinsa, mai nuna da wuri. Duk wuyar da gidansa ya sha da bazara bai bari an daka ko ƙwaya ɗaya ba.

"Tahiru, ina gona," in ji Aisami. "Na tona, danshin bai wuce yatsa huɗu ba. Ni dai raina bai kwanta ba. Me kwalbarka ta ce?"

A nan ne ya kamata mutumin naku ya ce bai tabbata ba. Ina, girman kai ya hana. "Talatin da biyu. Ka bar zancen yatsu, ka ɗauki sungumi."

Washegari da sassafe Aisami da iyalinsa suka zuba irin nan kaf a ƙasa. Da azahar Mushe Tahiru ya ji a rediyo cewa abin da aka samu a Gure milimetir tara ne. Ya kashe rediyon, bai gaya wa kowa ba.

Kwana goma sha tara ko ɗigo ba a sake yi ba. Da ƙasar busasshiya ce ƙarau, da irin ya kwanta ya jira ruwa. Amma ɗan danshin nan ya tashe shi, ya tsiro, rana ta bi shi ta ƙone. Kunya ta hana Mushe Tahiru sakat. Ya daina zama a majalisa, ya koma sallah a masallacin wata unguwa, tuwo ma sai Balkisa ta matsa yake kai loma biyu.

Wata safiya Aisami ya yi sallama. Ba da faɗa ya zo ba, abin da ya fi ci wa Mushe rai ke nan.

"Haka Allah ya so," in ji Aisami bayan sun gaisa. "Na zo ne in roƙe ka, in an sake ruwa ka fara sanar da ni. Kai kaɗai na yarda da kai."

Mushe Tahiru ya kasa ɗaga kai. Ya kama hannun Aisami ya kai shi gindin sandar, ya nuna masa indararon, ya faɗa masa komai.

Aisami ya dubi indararon. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara."

"Ranar da na kira ka ma ka sani?"

"Na sani."

Aisami ya gyara hularsa. "Irin Baba ne fa, Tahiru. Ba a samunsa a kasuwa." Ya sa kai ya fita, bai jira rakiya ba.

A ranar Mushe Tahiru ya cire sandar ya mayar da ita fili. Aikin ko awa ɗaya bai ɗauke shi ba. Har yau in sun haɗu a hanya Aisami yana gaishe shi, amma bai ƙara tambayarsa komai ba.

Jama'a, duk wanda mutane suka dogara da maganarsa, amana ce ya ɗauka. In ka ga kuskure a aikinka ka gyara tun da wuri, in kuma ba ka tabbata ba ka ce ba ka tabbata ba. Kunyar cewa "na yi kuskure" ta yini ɗaya ce, ta ɓoye shi kuwa da ita ake tsufa.