Kyautar Mai Tukwane

Lantana, Sabi'u, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Ban yi boko ba, amma na ga jiya.

A wani gari an yi wata mai ginin tukwane, ta haifi uku ta binne uku, duk kafin yaye. Da ta huɗu ta zo nono ya ƙi zuwa, sai ta naɗe ta a zane ta kai wa maƙwabciyarta mai goyo, ta ce, "Na ba ki, kyauta." Maƙwabciya ta karɓa ta sa a nono. Yarinya ta rayu, sunan Kyauta ya bi ta. Ta tashi da uwa biyu, ta zama ungozomar garin, hannunta sanyi kamar ruwan randa. Tun daga nan duk jaririn da aka ji wa tsoro, mace ko namiji, sai a ce Kyauta. Kuma sunan da nauyinsa yake tafe: matar da aka miƙa wa Kyauta ba ta cewa a'a. Har aka kai in ka ƙwala kiran Kyauta a kasuwa, maƙeri ya waiwayo, amarya ta waiwayo.

Sai zamani ya juya. Jikoki suka ce sunan warin ƙauye yake yi, ko namiji da mace ba ya bambantawa. Suka koma sunayen da harshen tsofaffi ba ya iya juyawa. Shekara talatin ba a sa wa kowa ba. Ran nan matar wani tela ta kwanta ciwo bayan haihuwa, jariri ya ƙi madarar gwangwani, ya yi kuka har murya ta dishe. Wata tsohuwa ta saɓa shi, ta tsallake gida uku, ta ɗora shi a cinyar wata mai goyo ta ce, "Ga Kyauta." Matar ta tuna haka aka raya kakanta, ta gyara zama ta ba shi. Yaron nan sai da ya ga jikokinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

To Sabi'u, matarka tana gadon asibiti, 'yarka kwana huɗu tana ramewa, ga yayarka Lantana da nono har yana jiƙa mata riga, kai kuma kunyar sunan Kyauta kake ji a gaban abokai. Sunan yanka ka zaɓi wanda ka so, liman ya raɗa mata. Amma ku biyun nan ku gama maganar nan kafin la'asar, don yarinya ba za ta ƙara kwana da yunwa a gidana ba.