Sufanar Baba Nomau

Tun da aka yi dokar da ta hana kayan aiki motsi sai a hannun mai lasisi, ko famfo ne ya yi yoyo a ofis sai a jira. Yau ma da famfon ya fara yoyo, Sallau masinja ya tara bokiti, ya je ya ɗauko Baba Nomau mai gyaran famfo.

Tsohon ya riƙe sufana, 'yar fitilarta ta yi kore alamar ta gane tafinsa, bakinta ya kama ƙarfen. Ƙarfin murɗawa ne ya ƙare masa, don haka Sallau ya ɗora hannunsa a kan nasa, ya murɗa a hankali.

"Wallahi Baba, na iya aikin nan tuntuni."

"Na sani. Ita ce ba ta sani ba."

Ana cikin haka fitilar ta yi ja, bakin ya saki. Baba Nomau ya goge tafinsa a riga, ya sake riƙewa. Ta daɗe kafin ta koma kore.

"Zanen tafina ne ke shafewa," ya ce. "Ta fara mantawa da ni."

Suka ƙarasa murɗawa, yoyon ya tsaya. Sallau ya zubar da ruwan, har ya nufi sito da bokitin, sai ya dawo ya mayar da shi ƙarƙashin famfon, don wa ya sani ko gobe sufanar za ta gane tsohon.